Yadda Na Hana Mama Bimla Sauke Waƙoƙinta

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke saukar da ciwo, Ya kuma haɗa mara lafiya da wanda zai yi jinyarsa.

Wata bakwai ke nan da mutuwar maƙwabciyata, kuma har yau idan hira ta biyo ta kanta a cikin matanmu na unguwar Setapak, sai wata ta ce, "Ai Maman Ilham ta yi ƙoƙari, ko 'yar cikinta sai haka." Nakan sunkuyar da kai, su ɗauka kunyar yabo nake ji. Ba kunya ba ce. Na yi wa matar nan wanki, na dama mata kunu, na kwashe amanta da hannuna, amma abu ɗaya tak da ta buɗe baki ta roƙe ni, shi na hana ta. Na gaji da karɓar yabon da ba nawa ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko wata mai jinyar ta karanta kafin ta yi irin nawa.

Sunana Habiba, daga Gusau. Mijina Malam Nasiru ne ya zo karatun digiri na uku da tallafin gwamnati, ni da yara biyu muka biyo shi Kuala Lumpur. A gida malamar Hausa ce ni a makarantar 'yan mata. A nan kuwa aikina girki, raka yara bakin motar makaranta, sai kallon ruwan sama ta tagar hawa na tara. Ƙofar da ke kallon tamu ta wani Ba'indiye ce mai suna Anil, yana aikin kwamfuta a Bukit Bintang. Shi da matarsa su fita da sassafe, ba su dawowa sai bayan magariba. A bar tsohuwar mahaifiyarsa ita kaɗai a gidan. Ita ce Mama Bimla.

Wata rana ina shanya a baranda ina 'yar waƙar daka da kakata ke yi, ban san da mutum a bayana ba. Da na juya sai ga tsohuwa 'yar siririya, da tabarau mai kauri da mayafin ulu a cikin wannan zafin. Ta tambaye ni da Turanci wa ya rubuta waƙar. Na ce ba wanda ya rubuta, kakata ce ke yi idan tana daka gero. Ta ce in faɗa mata ma'anarta. Na kakkarya Turancina na faɗa, ta gyaɗa kai ta ce, "Gobe ki zo ki sha shayi." Daga nan muka ƙulle. Duk hirarmu da Turanci muke yi, nata na malaman da, nawa na kasuwa. Tana kirana "beti", wato 'yata, ni kuma ina ce mata Mama.

A hirar shayin nan na san ko wace ce. An haife ta a wani ƙauye a cikin duwatsun Jammu, can arewacin Indiya, kuma harshen da ta sha a nono sunansa Dogri. Na ce mata ni a sanina Indiya harshe ɗaya gare ta, wanda muke ji a fim. Ta yi dariya har da tari. Shekara talatin tana koyarwa. Tun tana budurwa take tsara waƙa da Dogri, ta tara wasu ta kai wa wani mai buga littattafai a birni, ya juya takardun ya ce mata wa zai saya, ta koma ta yi da Hindi idan tana so a san da ita. Ta koma Hindin. Ta fitar da littattafai huɗu, an karanta waƙoƙinta a rediyo, an gayyace ta tarukan mawaƙa inda sau da yawa ita kaɗai ce mace a kan tabarma. Amma ba ta daina yin na Dogri ba. Tana yin su ne a ka, tana murza fulawa ko tana tafiya makaranta, kuma tun daga ranar mai buga littattafan nan ba ta ƙara sa ko ɗaya a takarda ba.

"Hindi kayan fita ne," in ji ta. "Dogri kuwa zanen da nake ɗaurawa a cikin ɗaki."

Waƙoƙin Dogrin talatin da huɗu ne. Takan ƙirga su a gaɓoɓin yatsunta yadda muke tasbihi. Ta ce ta yi niyyar rubuta su idan ta yi ritaya, sai jinyar mijinta ta zo, bayan ya mutu ido ya yi yana, hannu ya fara rawa, ɗanta ya ɗauko ta zuwa nan. Anil a makarantar kwana ya tashi a wani gari, Dogrinsa bai wuce na gaisuwa ba.

Ciwon ya fara ne da abin da muka mayar abin dariya. Ta miƙo mini hannu ta ce in ba ta takalmi, alhali cokali take nufi. Muka yi dariya, na ce tsufa ya zo. A cikin makon nan kofi ya suɓuce daga hannunta na dama har sau biyu, kuma kullum da safe sai ta tashi da ciwon kai. Anil ya kai ta wani ƙaramin asibiti a bayan layinmu. Aka auna ta a tsaitsaye, aka ce hawan jini ne, aka ba ta ƙwayoyi aka ce ta rage gishiri. Har yau ina jin haushin wurin nan. Kwana goma muka ɓata muna dafa mata abinci lami.

A mako na uku ta fara amai da safe, ta kuma kira ni da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da mutuwa. Ranar na buga wa Anil waya a wurin aiki na ce wannan ba hawan jini ba ne. Washegari tun bakwai na safe muna babban asibitin gwamnati, an ba mu lamba a 'yar takarda, muna kallon allo. Baƙi layinsu daban, kuɗinsu daban, kuma inshorar da kamfanin Anil ya yi masa ba ta haɗa da uwa ba. Sai bayan azahar aka kira mu. Aka ce sai an ɗauki hoton kai, shi ma da nasa layin na kwana shida. Anil bai iya jira ba, ya kai ta asibitin kuɗi aka ɗauka a ranar, ya dawo fuskarsa ba annuri, ban sani ba ko don kuɗin ne ko don abin da mai ɗaukar hoton ya ƙi faɗa masa.

Likitar da ta karanta hoton Bamaleshiya ce, mai ɗan lulluɓi shuɗi, ba ta da kwana-kwana. Ta ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, a ɓangaren hagu, daidai inda magana take zaune. Ba a iya cire shi. Za a riƙa gasa ƙarin da na'ura har mako uku, a kuma ba ta wasu ƙwayoyi da za su sauke kumburin. Ta ce idan ta fara shan su za mu ga kamar ta warke, amma kada mu ruɗu, kwanakin aro ne. Ta dubi Mama, ba mu ba, ta ce maganarta za ta riga ranta tafiya. Sannan ta juyo gare ni, da yake ta ga ni ke riƙe da jakar magani, ta ce, "Use the good days, lah." Wato a ci moriyar kwanakin sauƙin. Na ji da kunnena. A raina na ce likita ba Allah ba ce.

Kwana huɗu da fara ƙwayoyin Mama ta dawo kamar ba ita ba. Cokali ya koma cokali. Ta ci abinci, ta yi wa surukarta faɗa a kan yadda take dafa wake. Gashin da ƙarfe biyu na rana ake yi mata, ni ke raka ta a motar haya saboda hutun Anil ya ƙare, kuma idan muka dawo ba ta iya ko ɗaga kai sai barci. Saboda haka lokacinta mai kyau a yini bai wuce daga tara na safe zuwa sha biyu ba. Awa uku. Ku riƙe wannan, don a kansu duk laifina yake.

Ranar wata Litinin na shiga da flas ɗin kunun gyaɗa na tarar ta yi wanka, ta taje kai, ta sa sabon sari, ta ajiye kujera a gabanta.

"Beti, wayarki tana ɗaukar murya?"

Na ce tana ɗauka.

"To zauna nan. Biyu kullum, kwana goma sha bakwai mun gama. Akwai wani tsohon ɗalibina a Jammu, Sham, shi zai saurara ya rubuta."

Na ce me zai hana Anil ya ɗauka mata da yamma, ko in saita mata wayar in ba ta wuri. Ta ce ita ba ta iya yi wa ƙarfe waƙa, sai da fuskar mutum a gabanta. Anil kuwa, akwai waƙoƙin da ta yi a kan babansa, da wata 'ya da ta binne kafin a haife shi, kuma akwai abin da uwa ba ta faɗa a gaban ɗanta. Wannan kam na gane shi sarai, ni da ban taɓa jin Innata ta kira sunan yayanmu na fari ba.

"Ina so in sauke su kafin in tafi," in ji ta.

Kalmar tafiyar nan ce ta firgita ni. Shekara tara da suka wuce Babanmu ya kira mu bayan la'asar, yana zaune da ƙarfinsa, ciwon ma bai kwantar da shi ba. Ya ce in ɗauko takarda da biro, da yake ni ce malama. Ya faɗi iyakar gona, ya faɗi wa zai riƙe wa, ni ina rubutawa. Bayan kwana biyu aka yi jana'izarsa. Na san ajali ne, na sha faɗa wa wasu haka, amma tun daga ranar wani ɓangare na zuciyata yake ganin da na ƙi ɗauko biron da bai samu hanyar tafiya ba. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai yau.

Sai na yi abin da kowace 'yar gidanmu za ta yi.

"Haba Mama! Wace irin magana ce wannan? Ina za ki? Ki daina yi wa kanki mugun baki. Ki bari ki warke, mu zauna a tsanake mu yi su duka, har da na Hindin ma. Yanzu dai sha kunu."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta karɓi kofin ta sha.

Da yamma na ba Malam Nasiru labari, ina jiran ya ce na kyauta. Ya ɗago daga kwamfutarsa ya ce, "Habiba, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Ki ɗauka mata mana, minti nawa ne?" Na ce masa shi da bai taɓa jinyar ko kaza ba, ya bar wa mata abin da suka sani. Ya koma kan karatunsa. Na kira Inna a Gusau don in samu mai goya mini baya, na kuwa samu. Ta ce, "Kada ki biye mata. Mara lafiya ba a biye masa, ƙarfafa masa gwiwa ake yi. Kaɗaici ne ke sa ta wannan tunanin. Ba ku da mutane ne a can? Ku riƙa shiga kuna ɗebe mata kewa."

Mutane kam muna da su. Na rubuta a zauren matanmu na waya cewa maƙwabciyata tsohuwa ba lafiya, ba ta da kowa da rana, a taimaka da dubiya. Hajiya Ummi, matar wani lakcara wadda ta fi mu daɗewa a ƙasar kuma ita ke jan ragamar komai namu, ta tsara abin kamar biki, yau mutum uku, gobe huɗu. Da wane lokaci matan aure suke da sarari? Bayan yara sun tafi makaranta, kafin a ɗora na rana. Daga tara zuwa sha biyu.

Ranar farko Hajiya ta zo da kular farfesun kaza. Na ja ta gefe na ce Mama ba ta cin nama, ko ƙwai ba ta ci.

"Ikon Allah! Shi ya sa ciwon ya samu wurin zama. Mutum ba romo a jiki, da me zai yi fighting? To ki yi tapau ɗinsa, ki ƙunshe ki kai wa Malam. Gobe zan kawo mata habbatussauda da zuma, wannan dai boleh ko, za ta iya sha?"

Aka kawo habbatussauda, aka kawo man zaitun, wata ta kawo garin zogale da aka aiko mata daga Kano, wata ta kawo ruwan zamzam a 'yar kwalba. Mama ta haɗa tafin hannunta biyu ta karɓi kowanne. Suka koya mata "da sauƙi" da "na gode", idan ta faɗa a kwashe da dariya a ce ta zama Bahausa. Bayan gaisuwa kuma sai hira ta koma tsakaninmu, a kan tsadar kifi, da wace kedai ce, wato kanti, ke da garin masara mai kyau, da alawus ɗin mazajenmu da ya makale. Ba na zargin ko ɗaya daga cikinsu. Sun baro aikinsu, sun hau bas da goyo, sun zo gaida matar da ba addininsu ɗaya ba, ba yarensu ɗaya ba. Allah Ya saka musu. Ni ce na san abin da awannin nan suke nufi, ni ce kuma na gayyato su.

Ina sane da idonta. A tsakiyar hayaniyar sai in ɗaga kai in ga tana kallona ta saman kawunan mutane, daga ni sai agogon bango. Sai in tashi in ce bari in ɗumamo shayi. Idan suka watse da sha biyu saura, takan ce, "Beti, ko guda ɗaya?" Ni kuma in ce, "Kin gaji Mama, ga asibiti da ƙarfe biyu. Gobe in sha Allahu." Wani abin da ya fi ci mini rai shi ne daɗin da nake ji a lokacin. Ina ganin ta ƙara ƙiba, kumatunta sun ciko, ina cewa kununa ne da dubiyarmu. Ashe ƙwayoyin ne ke kumbura ta.

A mako na biyu na gashin na haɗu da Anil a lif. Ya ce, "Mama ta ce ku biyu za ku yi aikin waƙoƙinta. Yana tafiya?" Na ce, "Muna nan muna yi a hankali." Ya yi mini godiya har da ɗan rusunawa, ya ce ya san ba za ta taɓa yarda ta yi a gabansa ba. Ƙarya na yi masa tsagwaronta, kuma da na faɗi gaskiya a lif ɗin nan da ya nemo wata hanyar tun da sauran lokaci.

Ranar Juma'ar da aka gama gashin ta yi fushi da ni, karo na farko kuma na ƙarshe. Ba baƙi ranar. Na miƙa mata kunu, ta ture kofin har ya zube a kan sarinta.

"Habiba, ni ba yarinya ba ce." Ba ta taɓa kiran sunana haka ba. "Ina ɗakin lokacin da likita ta yi magana. Ke ma kina ɗakin. Jiya na nemi baiti na uku na waƙar kakata na rasa, sai da yamma ya dawo. Suna fita ɗaya bayan ɗaya, ke kuma kina ba ni kunu."

Na fashe da kuka. Na ce ta yafe ni, tsoro nake ji. Ta ce, "Ni ce zan mutu, ke ce mai tsoro?" Ta kamo hannuna da hagunta, don damar ta fara nauyi. Na yi mata alkawarin Litinin, na ce zan hana kowa zuwa.

Me ya hana ni ɗauko wayar a wannan minti? Tana cikin jakata, jakar tana kan kujera. Na tambayi kaina wannan ya fi sau dubu. Na ce ranta a ɓace yake, a bari ta huce. Asabar da Lahadi Anil da matarsa suna gida, ba za ta yi ba. Ranar Litinin Malam Nasiru ya tuna mini cewa ranar sabunta bizarmu ce ni da yara, kuma ba a ɗagawa. Muka wuni a layi, aka ce hoton Ilham bai yi ba, mu dawo Talata. Talata ma muka dawo da la'asar. Na leƙa ta, tana barci.

Laraba na tashi da niyya. Na caja waya, na goge hotuna don a samu wuri. Ina cikin dama kunu, wajen takwas da rabi, na ji faɗuwar abu a gidansu. Ina da makulli. Na tarar da ita a ƙasa kusa da kujera tana jijjiga, bakinta na kumfa. Ta riga ta yi wanka, ta taje kai, ta jawo kujera ta biyu ta ajiye a gaban tata.

Kwana biyar ta yi a asibiti. Ma'aikatan jinyar ɗakin nan ba abin da zan ce musu sai godiya, sun juya ta, sun goge ta, suna kiranta da sunan girmamawa irin nasu, ba tsawa ba tsaki. Da ta farfaɗo Turancin ya tafi gaba ɗaya. Anil ya yi mata Hindi, ta amsa da kalma ɗaya ko biyu. Abin da ya rage Dogri ne, shi ma a yayyanke. Likitar ta ce an cinye kwanakin aron, a kai ta gida a kula da ita.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata. Na rubuta a zaure cewa likita ta hana dubiya. Saƙo ɗaya, layi biyu. Hajiya Ummi ta amsa, "Ba komai wallahi, Allah Ya ba ta lafiya, in ana buƙatar wani abu a faɗa." Shi ke nan. Ba wadda ta yi fushi. Na zauna ina kallon wayar ina tunanin abin da na ɗauka dutse ne ashe ko tsinke bai kai ba, kuma mako uku ina da ikon rubuta shi.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana tara ina zama a kujerar nan da waya a hannu. Na nuna mata wayar, na nuna bakinta, ta gane. Takan fara, ta yi layi biyu, ta tsaya, ta koma farko, ta sake tsayawa a daidai wurin. Sai ta riƙa dukan cinyarta da hannun hagu, hawaye na bin gefen tabarau. Ni ba na jin ko kalma, ban san inda ta ɓace ba balle in tuna mata. Sau biyu kawai abin ya zo mata a jere, kuma duka biyun rerawa ta yi, da wata siririyar murya mai hawa da sauka, ta kai har ƙarshe ta sauke numfashi. A kwana na goma ta buɗe baki ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa. Sai ta ɗora hannunta a kan wayar ta tura mini ita a hankali.

Ta ƙara mako biyar a duniya ba magana. Anil ya ɗauko mai jinya ta rabin yini, sauran rabin ni. Juyi duk bayan awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo, duk da haka sai da ya yi a ƙugu. Abinci da ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye, a share baki. Canjin ƙunzugu, shafa mai, yanke farce. A nan na samu sunan da ake yabona da shi. Na yi aikin nan kamar mai biyan kaffara, kuma ko sau ɗaya ba ta kau da fuskarta daga gare ni ba. Idan na shigo takan bi ni da ido har in zauna. Da ta juya mini baya da ya fi mini sauƙi.

Ta cika ranar wata Alhamis da hantsi, Anil na riƙe da hannunta, ni ina bakin ƙofa. Suka yi mata irin tasu al'adar ta ƙona gawa, ni ina gida. Bayan kwana biyu Anil ya tafi da tokarta ƙasarsu. Kafin ya tafi ya ce in tura wa Sham abin da muka ɗauka, ya ba ni lambarsa. Na tura duk abin da ke wayar, na kwana taran nan, ban ƙara ko kalma ba.

Abin da nake so mai karatu ya ɗauka kaɗan ne. Idan tsoho ya fara kiran abu da sunan wani abu, ga ciwon kai da safe, kada a tsaya a kan hawan jini, a nemi hoton kai. Idan likita ta ce sauƙin na aro ne, a yarda da ita, yarda da likita ba ya rage tawakkali. Dubiya alheri ce, amma a tambayi mai ciwon ko yana da abin da yake so ya yi da safiyarsa. Idan kuma ya ce zauna in faɗa miki wani abu, ki ajiye kofin ki zauna. Ba rubutuna ne ya kashe Babanmu ba, ƙin ɗaukar muryar Mama Bimla kuma bai ƙara mata ko yini ɗaya ba.

Bayan mako uku Sham ya kira ni. Muryar dattijo ce, Turancinsa a hankali kamar nata. Ya ce ya saurari komai. Biyu cikakku ne, ya rubuta su, ɗaya a kan rijiyar ƙauyensu, ɗaya a kan 'yar da ta binne. Ya ce ya kai shekara arba'in yana karanta waƙar Dogri, bai taɓa jin irin ta biyun nan ba, sai da ya ajiye biro ya fita waje. Sauran kuwa guntaye ne, ba a iya haɗa su.

"Waɗannan na ƙarshe ne, na gane daga muryarta," in ji shi. "Ki turo mini na farkon, na lokacin da take da ƙarfi. Ta kira ni a makon da aka fara ba ta magani. Ta ce in kwantar da hankalina, ta samu 'ya mai kunne. Na riga na yi magana da mai buga littafi."

Na buɗe baki zan ce masa in sha Allahu zan duba. Har kalmar ta zo kan harshena. Na haɗiye ta, na gaya masa komai, kunun, da baƙin, da goben da nake ta yi mata. Da na gama sai ya tambaye ni:

"Ko ɗaya ba ta faɗa miki ba, ko ba a ɗauka ba? Ko ma'anarta kawai?"

Na ce ban bari ba.

"To," in ji shi. "Sun tafi tare ke nan, talatin da biyu."

Sannan ya yi mini godiya a kan jinyar da na yi wa malamarsu, ya ce Anil ya gaya musu ko 'yar cikinta ba za ta yi fiye da haka ba. Ya kashe wayar.